Kiwon Kajin Nama: Ko Tafarnuwa Da Citta Za Su Maye Gurbin Maganin Kanti?

A garuruwanmu yanzu da wuya mutum ya ratsa unguwa bai ji kukan 'yan tsaki daga bayan wani gida ba. Malamin makaranta yana da hamsin a lungun gidansa, akawu yana da ɗari, matan aure kuwa sun fi kowa iya auna lokaci, sukan sayo nasu saura mako shida ko bakwai Salla. Waɗannan su ne fararen kajin nan na nama da ake kira buroila. Wannan himma abin yabo ce, gama kowa ya san albashi shi kaɗai ba ya riƙe gida. Amma akwai wata al'ada da ta shigo tare da kajin, wadda muke so masu karatu su tsaya su dube ta da idon basira. Ran da aka kawo 'yan tsaki, ran nan ake farke ƙunshin magani a zuba musu a ruwan sha, alhali ko ɗaya bai yi atishawa ba. Haka za a yi ta yi, in wannan ya ƙare a sayo wancan, wani ma har daren da za a kai su kasuwa. In ka tambayi mai kajin dalili, sai ya ce haka ya ga ana yi.

Maganin nan da ake zubawa, yawancinsa daga cikin jinsin da likitoci ke kira antibayotik yake, watau magungunan da ke kashe ƙananan ƙwayoyin cuta da ake kira bakteriya. Danginsu ɗaya da fenisilin da tetarasaikilin da ake ba mu a asibiti, wasu ma su ne ɗin sak, takardar da aka naɗe su ce kawai ta bambanta.

Yadda Abin Ya Samo Asali

Ba don warkar da kaji aka fara wannan ba. Wajen shekarar 1949 waɗansu masana biyu, Stokstad da Jukes, suna aiki a wani kamfanin magani a Jihar Niyu Yok ta Amurka, suna neman hanya mai araha ta samun bitamin B12 domin abincin kaji. Sai suka ɗebi tukar da ta rage bayan an tace wani magani mai suna Aureomycin, suka cuɗa a abincin 'yan tsaki. 'Yan tsakin suka yi girma fiye da yadda bitamin kaɗai zai sa. Da aka bi diddigi sai aka tarar ɗan ɓurɓushin maganin da ya saura cikin tukar shi ya yi aikin. Aka ba da labari cikin 1950, kuma cikin 1951 hukumar Amurka ta yarda a riƙa cuɗa irin waɗannan magunguna a abincin dabbobi ba sai da takardar likita ba. Kafin a jima al'adar ta game duniya.

A nan ya kamata mu kau da wani zato. Mutane da yawa suna tsammani magani ne ke kumbura kajin zamani har su isa yanka cikin mako shida. Ba haka ba ne, asalin abin zaɓen iri ne. A Jami'ar Albata ta ƙasar Kanada an yi kiwon irin kajin 1957 da irin na 2005 a wuri ɗaya, da abinci iri ɗaya. Bayan kwana 56, irin na 1957 ya kai giram 905, na 2005 kuwa ya kai giram 4,202. Abin da magani ke ƙarawa kaɗan ne in an gwada da wannan.

To, ta yaya ɗan magani kaɗan ke ƙara girma? Amsar ta fito tun da wuri, sai dai ba a cika faɗarta ba. Masana a Ingila sun ƙyanƙyashe 'yan tsaki cikin akwatunan da babu ƙwayar cuta ko ɗaya, suka ba su maganin, ba su ga wani ƙarin girma ba. Aka kuma lura cewa amfanin maganin ya fi fitowa a tsohon akurki mai ƙazanta da cunkoso, a sabo mai tsabta kuwa sai ya ragu ƙwarai. Watau dai maganin ba abinci ba ne. Aikinsa shi ne ya danne ƙwayoyin da ke cikin hanjin kaza, waɗanda ke cin rabonta suna kumbura mata bangon hanji. A taƙaice, yana rufa wa ƙazanta asiri ne. Muna roƙon mai karatu ya riƙe wannan magana, gama duk abin da za mu faɗa gaba a kanta ya dogara.

Inda Haɗarin Yake

Ƙwayar cuta halitta ce mai rai, kuma tana hayayyafa da sauri, wata takan rabu biyu cikin minti ashirin. In aka ba da magani kaɗan-kaɗan kullum, wanda bai isa ya kashe su duka ba, raunana su mutu, masu taurin kai su saura su cika wurin da 'ya'yansu. Har ma sukan miƙa wa waɗansu ƙwayoyin da ba danginsu ba wannan taurin kai, kamar yadda maƙwabciya ke miƙa wa maƙwabciya wuta ta kan katanga. Shi kansa Fleming, wanda ya gano fenisilin cikin 1928, ya yi gargaɗi a kan shan magani ƙasa da kima tun cikin 1945.

Cikin 1976 wani likita mai suna Levy ya buga sakamakon gwajin da ya yi a wata gona kusa da birnin Boston. Ya sa aka riƙa ba kaji abinci mai tetarasaikilin. Cikin mako guda ƙwayoyin da ke hanjin kajin kusan duk sun daina jin maganin. Bayan wata biyar zuwa shida sai aka sami irin waɗannan ƙwayoyi sun yawaita a cikin mutanen gidan gonar, su da ba su sha maganin ba. Mu dubi gidajenmu: akurki yana jikin ɗakin girki, yara ke share kashin kaji, a kai shi lambu a yi takin latas da shi. Hanyar da ke tsakanin hanjin kaza da cikin yaro ba ta da nisa.

Wani babban bincike da aka buga cikin 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum wajen miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda cututtukan da ƙwayoyinsu suka daina jin magani, kuma in aka gwada da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki asara, wajen mutum 27 cikin kowane 100,000. Ba mu ce kaji ne suka jawo wannan duka ba. Babban kaso yana wuyanmu mu mutane, da muke sayen kafso biyu a tire mu haɗiye. Amma kiwo yana da nasa rabo, kuma shi ne rabon da ya fi sauƙin ragewa, tun da yake dabbar da ake ɗura wa maganin lafiyarta lau.

Ƙasar Suwidin ce ta fara hana sa antibayotik a abinci domin ƙarin girma, cikin 1986. Tarayyar Turai ta bi sannu-sannu har ta hana gaba ɗaya ran 1 ga Janairu, 2006. Amurka ta hana yin haka da magungunan da mutane ke bukata daga 2017. Ƙasar Sin ta hana kamfanonin abincin dabbobi daga 2020, amma ta keɓe magungunanta na gargajiya ba ta hana su ba. Nijeriya ma ta fito da shirinta na yaƙi da wannan matsala cikin 2017.

Abin da ya sami Suwidin darasi ne. Da aka janye maganin, wata cutar ruɓewar hanji ta taso wa kajinsu, har likitoci suka koma rubuta magani na ɗan lokaci. Ba su fita ba sai da suka gyara abinci, suka rage abubuwan gina jiki da suka yi yawa a ciki, suka kyautata tsabta da iskar ɗakunan kaji. A Danmak, inda masu kajin nama suka daina cikin 1998, kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya ya duba ya ga kajin sun ɗan ƙara cin abinci, wajen kashi biyu cikin ɗari, amma kuɗin maganin da aka huta saye ya kusan cike gurbin. Sai dai a san cewa ƙasashen nan biyu ba su daina ba da maganin cutar kashin jini ba, wadda ake kira koksidiyosis, kuma wannan ya taimake su ƙwarai.

Kayan Yaji A Kwanon Kaza

Wannan hani shi ya juyo da hankalin masana wajen tsire-tsire. Abin ban dariya, kayan da suka yi ta ɗawainiyar bincike a kansu, yawancinsu suna nan a faifan kowace mai sayar da kayan miya: tafarnuwa, citta, gangamau, kanumfari, kirfa, barkono, habbatus sauda, da ganyaye masu ƙamshi dangin ɗoɗɗoya. Kakanninmu ma ba baƙin wannan ba ne, gama tun dā in hunturu ya kama akan jefa barkono ko ɓawon maɗaci a kaskon ruwan kaji.

Kowane ɗaya akwai sinadarin da ke ba shi ƙamshi ko yaji ko launi, wanda tsiron ke kāre kansa da shi daga ƙwari da ruɓa. Na tafarnuwa sunansa alisin, na kanumfari yujinol, na gangamau kurkumin, na barkono kafsaisin. Waɗansu ganyayen ƙasashen Bahar Rum, oregano da tayim, suna da kabakurol da taimol, kuma su aka fi yin bincike a kansu. In aka ɗiga waɗannan a kan ƙwayoyin cuta cikin faranti a ɗakin bincike, da yawansu sukan huda fatar ƙwayar ta mutu. Amma faranti dabam, cikin kaza dabam. Abin da ake sa wa a abinci bai kai yawan da ke kashe ƙwaya a faranti ba, ga shi kuma jiki yakan tsotse yawancinsa tun a farkon hanji, kafin ya isa can ƙarshe inda ƙwayoyin suka fi taruwa. Saboda haka masana da yawa suna ganin babban amfaninsu ta wata hanya yake zuwa: suna motsa ruwan ɗaci da sauran ruwayen narkar da abinci, suna rage kumburin bangon hanji, har kaza ta fi cin moriyar abin da ta ci. Wani abin mamaki, tsuntsu ba ya jin zafin barkono yadda mu da awaki muke ji. Allah bai halicce shi da wannan ji ba, don haka barkonon da zai sa mutum hawaye, kaza sai ta tsattsage shi ko a jikinta.

Ba tatsuniya ba ce. Cikin 2015 Tarayyar Turai, bayan masananta sun duba shaida, ta ba da izinin wani haɗi na kabakurol da sinadarin kirfa da man barkono domin kajin nama. Amma a dubi kimar: giram 100 cikin tan guda na abinci. Watau abin da bai cika tafin hannu biyu ba, cikin buhu arba'in masu kilo 25. An tace shi, an auna ƙarfinsa, an kuma lulluɓe shi da wani irin kitse don kada ya tashi a iska. Wannan ya yi nisa da a ce wa yaro ya ɗebo citta ya watsa.

A jami'o'in ƙasar nan da na Masar da Indiya da sauransu an yi gwaje-gwaje masu yawa da garin tafarnuwa da citta da gangamau da zogale. Wanda ya karanta su da gaskiya zai ga ba baki ɗaya suka yi ba. Wani ya sami ƙarin nauyi, wani bai ga kome ba, wani ma raguwa ya gani. Dalilin saɓanin ba ɓoyayye ba ne. Cittar Kaciya da ta wata ƙasa ba ƙarfinsu ɗaya ba, wadda aka haƙa bana da wadda ta shekara a rumbu ma haka. Alisin ba ya samuwa sai an daka tafarnuwa, kuma da ya samu ba ya daɗewa, zafi yana lalata shi. Injin da ke murza abincin kaji ya mai da shi 'yan ƙwayoyi yana aiki da tururi mai zafin da ya kai digiri 70 zuwa 90, mai ƙamshi kuwa ba ya jure wannan. Sa'an nan ga maganar da muka ce a riƙe: kajin jami'a suna zaune cikin tsabta, inda ko antibayotik ɗin kansa ba ya nuna wani abin kirki, balle abin da aka kawo ya gaje shi.

Akwai kuma masu cewa abin da ya fito daga ƙasa ba ya cutarwa. Wannan magana ba mu yarda da ita ba ko kaɗan, gama tunya ma daga ƙasa ta fito. Zogale ganye ne mai albarka, amma yana da harza da waɗansu sinadarai masu ɗaure abinci, in aka wuce kashi biyar zuwa goma cikin ɗari na abincin sai girman kajin nama ya ja baya. Ganyen dalbejiya ɗacinsa yana hana su ci, in ya yi yawa yana taɓa hanta. Garin tafarnuwa da na citta, yawancin gwaje-gwaje ba su wuce kilo ɗaya ko biyu cikin kilo ɗari ba. Mafi muni shi ne kayan da aka shanya a ƙasa suka sha raɓa suka yi fumfuna. Cikin 1960 talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila, da aka bincika sai aka tarar tunkuzar gyaɗa ce da aka kawo daga Barazil ta yi fumfuna, daga nan aka gano dafin da ake kira afalatoksin. Mu da gyaɗa da masara su ne ginshiƙin abincin kajinmu, wannan labari namu ne. Wanda ya zuba garin citta mai fumfuna don gudun magani, an gudu ba a tsira ba.

Abin Da Ganye Ba Ya Yi

Annobar da ke share kaji da hunturu, wadda ake kira Niyukasil, da cutar Gumboro mai kama 'yan mako uku zuwa shida, da murar tsuntsaye da ta ɓulla a Jihar Kaduna cikin 2006, duk ba bakteriya ke kawo su ba. Wata halitta ce da ta fi ta ƙanƙanta, ana kiranta bairas. Antibayotik ba ya taɓa ta, barkono da maɗaci ma haka. Niyukasil da Gumboro rigakafi ne maganinsu, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi da ke Vom, wadda aka kafa cikin 1924, tana yin su. Murar tsuntsaye kuwa, in an yi zatonta, sai a sanar da ofishin dabbobi nan da nan. Mai kajin da ya bar rigakafi ya dogara ga jiƙo, ranar da annoba ta shigo zai kwashe gawa da kwando.

Haka kuma kada wani ya fahimce mu a karkace. In kaji sun kamu da ciwon da bakteriya ta kawo, a kira malamin dabbobi, a ba su maganin da ya rubuta, cikakke, iyakar kwanakin da ya faɗa. Bayan nan a duba takardar maganin, akwai kwanakin da aka ce a jira kafin a yanka, domin maganin ya fita daga nama. Wanda ya sayar kafin kwanakin su cika don kasuwar Salla ta yi kyau, ya ciyar da maƙwabtansa abin da ba su saya ba. Abin da muke ƙi shi ne ba mai lafiya magani. Matsayin tafarnuwa da 'yan'uwanta, a ganinmu, shi ne na mataimaki: bayan an share ɗaki an bar shi ya huta mako biyu tsakanin rukuni da rukuni, an shimfiɗa busasshen buntun shinkafa ko garin katako, an wanke mazubin ruwa kowace safiya, an rage cunkoso, an yi rigakafi a kan kari, to, a nan ne ɗan abin da suke ƙarawa zai iya zama riba.

Aikin Da Ya Dace Da Makaranta

Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma babu wanda ya fi malaman makaranta da akawuna dacewa da wannan gwaji, tun da yake awo da ajiye lissafi sana'arsu ce. Makarantar da ke da gona tana iya yinsa da abin da bai fi ƙarfinta ba.

A sayo 'yan tsaki 100 na ƙyanƙyasa ɗaya. A raba ɗaki gida huɗu da waya, kowane gida 25. Kada a zaɓa da ido, gama hannu yakan kai ga masu kuzari ba da sanin mai shi ba. A jefa ƙuri'a. Gida biyu a ba su abinci zalla, gida biyu a ba su abincin nan dai tare da abu guda tak da ake son gwadawa, misali garin tafarnuwa rabin kilo cikin kilo ɗari. In aka haɗa tafarnuwa da citta da zogale gaba ɗaya, ko an ga bambanci ba za a san wanda ya kawo shi ba. Wajen cuɗawa a fara da kwano guda na abinci, in ya gauraya a ƙara cikin tasa, sa'an nan cikin buhu, in ba haka ba wata kaza ta cinye rabon goma. Rigakafi da ruwa da haske da shimfiɗa duk su zama iri ɗaya, kuma kada gidajen gwaji su zama su ne na bakin taga duka biyu.

Kowace Asabar a auna kajin kowane gida a sikeli. Kowace rana a rubuta abincin da aka zuba da wanda ya rage, da wadda ta mutu, da yadda kashinsu yake. Ran da suka cika mako shida sai a yi lissafin da ya fi kome muhimmanci: a raba nauyin abincin da gida ya ci da nauyin da kajinsa suka ƙara. Ga misali domin allo, ba sakamakon wani gwaji ba: in gida ɗaya ya ci kilo 90 ya ƙara kilo 50, kowane kilo na kaza ya ci kilo 1.8. In ɗayan ya ci kilo 88 ya ƙara kilo 50, nasa 1.76 ne. An tsimi kilo biyu na abinci ke nan. To, sai yara su je kasuwa su tambayo kuɗin tafarnuwar da aka zuba, su gwada da kuɗin kilo biyun nan. Abinci shi ke cin wajen kashi biyu cikin uku na kuɗin kiwon kajin nama, saboda haka ɗan bambanci yana da daraja, amma tafarnuwa ma ba kyauta ake ba da ita ba, kuma takan yi tsada da damina. Yaron da ya yi wannan ya koyi rabawa da kashi cikin ɗari fiye da yadda zai koya daga littafi a zango guda.

A duba kuma ko gidaje biyun da suka ci abinci iri ɗaya sun yi daidai da juna. In bambancin da ke tsakaninsu ya kai wanda ke tsakanin masu tafarnuwa da marasa ita, to, ba a ga kome ba tukuna. A sake gwajin sau uku, da hunturu, da bazara, da damina, domin zafin watan Afirilu kaɗai ya isa ya sauya yadda kaji ke ci. Littafin lissafin kuwa a rubuta shi da tawada, shugaban makaranta ya sa hannu kowane mako, a kai kwafi ga malamin dabbobi na ƙaramar hukuma domin ya haɗa da na sauran makarantu.